Dublin, Cork ko Galway: wanne ya fi dacewa da hutun kwana uku a tsakiyar sanyin Ailan?

A ranar 21 ga Disamba rana ba ta leƙowa a Dublin sai wajen ƙarfe 8:40 na safe, kuma kafin 4:10 na yamma ta faɗi. Awa bakwai da rabi ke nan, idan ma gajimare ya bari an gan ta. Azahar na shiga kafin sha biyu da rabi, La'asar wajen ƙarfe biyu, kana gama cin abincin rana ka ɗan taka zuwa bakin kogi sai ka ji wayarka tana kiran Magariba. Duk mai shirin ɗan gajeren hutu a wani birnin Ailan tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da wannan lissafi ya kamata ya fara, tun kafin hotunan korayen tsaunuka da ya gani a Instagram su ɗebe shi.

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Ita da maigidanta suna zaune a Ingila, suka sami kwana huɗu babu aiki, sai ta kira ni: "Yaya, Dublin za mu je ko Galway? Ga shi wata abokiyar aikina ta ce duk mu bar su, Cork ta fi." Na kwana a duka ukun cikin sanyi, kuma abin da na faɗa mata shi ne, a wannan lokaci na shekara ba kyan gari ake dubawa ba. Abin dubawa shi ne me garin yake da shi a ƙarƙashin rufi, kuma me mutum zai yi da kansa daga ƙarfe huɗu da rabi na yamma zuwa lokacin barci.

Takarda kafin jaka

Tsibirin ɗaya ne, amma ƙasa biyu ce a kansa. Dublin da Cork da Galway suna cikin Jamhuriyar Ailan, wadda ke cikin Tarayyar Turai, yuro ake kashewa. Belfast kuwa tana Ailan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya, fam ake kashewa. Jamhuriyar ba ta cikin yankin Schengen, don haka bizar da ta kai ka Faransa ko Jamus ba za ta shigar da kai Dublin ba. Haka ma ta Birtaniya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan sai ya nemi bizar Ailan daban, ko da yana da takardar zama a Ingila. A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, saboda daga Belfast zuwa Dublin babu shinge a kan hanya, abin da kawai zai nuna maka ka tsallaka shi ne allunan titi sun koma kilomita daga mil. Amma rashin shinge bai ɗauke doka ba, kuma jami'ai kan tsayar da bas su duba takardu.

Bizar gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90, a intanet ake fara cike ta. Kuɗinta yuro 60 ne idan shiga ɗaya za a yi, yuro 100 idan za a riƙa shiga ana fita. Ailan tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma ana karɓar takardu tun saura wata uku a yi tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai son zuwa a Disamba, Satumba ne watan cike takarda.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Ailan, sai an sauya a Istanbul ko Doha ko Alƙahira ko Paris ko Amsterdam, kuma kusan duk waɗannan hanyoyi a Dublin suke ƙarewa. Cork tana da nata filin jirgin, kilomita takwas kacal daga tsakiyar gari, mai sauƙin sha'ani ga wanda ya taso daga Landan ko Manchester ko Amsterdam. Galway kuwa tun 2011 jiragen fasinja suka daina sauka a nata. Sai dai ka sauka a filin jirgin Shannon ko a Dublin ka hau bas, wanda daga Dublin zai ci maka kusan awa uku. A hutun kwana uku, wannan zuwa da dawowa ya cinye hasken yini guda.

Irin sanyin

Ba hunturun gida ba ne. Namu busasshe ne, ya fasa leɓe ya kawo kaushi, amma da hantsi rana ta fito ta gasa baya. Nasu jiƙaƙƙe ne. A ma'auni ba wani abin tsoro ba ne, a Janairu digiri 7 ko 8 da rana, 2 ko 3 da dare, dusar ƙanƙara ma ba kasafai take sauka a biranen ba. Abin da ke karya mutum shi ne yayyafi da iska, irin wanda ba ka ɗauke shi ruwa ba sai ka ga safarka ta jiƙe.

Kuma ba daidai aka raba wa garuruwan ba. Iskar da ke ɗauke da ruwa daga Tekun Atlantika take tasowa, yamma da kudu take fara jiƙawa kafin ta isa gabas. Dublin, da ke gabas, kuma tsaunukan Wicklow suna kare ta, tana samun wajen milimita 750 a shekara. Cork da Galway sun haura 1,100. Guguwa ma ta yamma take shigowa. A ranar 24 ga Janairun 2025 wadda aka sa wa suna Éowyn ta buga da gudun kilomita 184 a awa a Mace Head da ke gundumar Galway, mafi ƙarfin da aka taɓa aunawa a ƙasar, gidaje da wuraren sana'a sama da 700,000 suka rasa wuta. Ba kullum ake irin wannan ba, amma ko ƙaramar guguwa takan sa a soke jirgin ruwa a rufe bakin teku. Shafin hukumar yanayi ta Met Éireann yana fitar da gargaɗi mai launi uku, rawaya da ruwan lemo da ja. Idan ka ga ja, ka zauna a ɗaki.

Dublin

Na fi daɗewa a kanta domin ita ce ta fi amsa waccan tambaya ta rufi. Gari ne mai mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu idan an haɗa da kewaye, kuma manyan gidajen tarihinta na gwamnati kyauta ake shiga, ga ɗumi, ga wurin zama.

Idan wuri ɗaya kawai za ka je, ka je Chester Beatty, a harabar fadar da ake kira Dublin Castle. Sunan wani attajiri ne Ba'amurke da ya yi arziki da haƙar ma'adinai, ya tare a Dublin a 1950, ya rasu a 1968 ya bar wa mutanen Ailan duk rubuce-rubucen hannun da ya tara. A cikinsu akwai Alƙur'anai da ɓangarorin Alƙur'ani sama da 260, har da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato wajen 1000 Miladiyya, wanda shi kaɗai ne ya saura daga Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa. Ana sauya abin da ake bajewa lokaci zuwa lokaci don kada haske ya ci takardun, ɗakin ma da ɗan duhu. Ranar da na fara shiga, rigata tana ɗiga, na tsaya gaban wani shafi da aka yi wa kan sura ado da ruwan zinariya da shuɗi, na sa fuska kusa da gilashi har numfashina ya dusasa shi. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara da tawada ya yi rubutu a allo, shi zai gane wahalar da ke cikin jan harafi ɗaya dogo ba tare da hannu ya yi rawa ba. Na shiga da niyyar minti arba'in, da na fito an kunna fitilun titi. A lura, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sa buɗewa ranar Litinin.

Daga nan da ƙafa za ka isa gidan tarihi na ƙasa da ke titin Kildare, inda ake ajiye da kayan adon zinariya na shekaru dubbai, da gawawwakin mutanen da lakar fadama ta adana sama da shekara 2,000, har gashi da farce suna nan. Mai raunin zuciya ya tsallake wannan sashe. Gidan zane-zane na ƙasa yana kusa, shi ma kyauta. Jami'ar Trinity, wadda aka kafa a 1592, ita ce ke riƙe da shahararren kundin Kells, Linjilar da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, da doguwar laburaren nan mai tsawon mita 65. Nan sai an biya, kuma da tsada, ga shi an sauke mafi yawan littattafan daga kantocin saboda aikin gyara. Idan aljihu ya yi nauyi a shiga. Idan ba haka ba, wanda ya ga Chester Beatty bai yi asara ba.

Wanda na ce kada a bari shi ne kurkukun Kilmainham. A nan ne Turawan Ingila suka harbe mutum 14 daga jagororin boren neman 'yancin kai na 1916, cikinsu har da James Connolly da aka ɗaure a kujera saboda raunin da ya ji bai bar shi ya tsaya ba. Wanda bai san wannan labari ba ba zai fahimci sunayen rabin titunan Dublin da tashoshinta ba. Tikiti a intanet ake saya kuma yana ƙarewa da wuri. Cikin ginin ya fi waje sanyi.

Idan Allah ya kawo rana mai haske, kada a ɓata ta a cikin gini. Jirgin ƙasan bakin teku mai suna DART zai kai ka ƙauyen masunta na Howth cikin kusan rabin awa, ko ka shiga Phoenix Park, fili mai hekta 700 da ɗoriya inda bareyi ke kiwo abinsu. Amfanin Dublin ke nan: shirin waje yana kusa, idan ya rushe shirin ciki ma yana kusa.

Ga Musulmi kuma ita ce ta fi sauƙi. Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura 81,000 a ƙasar, kuma a Dublin da kewaye suka fi taruwa. Masallacin da ke South Circular Road tsohuwar coci ce da aka saya a 1983, kewaye da shi akwai shagunan naman halal da gidajen abinci. A titin Moore da na Parnell za ka sami shagunan 'yan Afirka, da manja da garin kwaki da busasshen kifi, idan kewar gida ta motsa.

Aibinta kuɗi ne. Masaukin Dublin ya fi na ko'ina tsada a ƙasar, kuma ɗakin da za a ba ka sau da yawa bai kai kuɗinsa ba. Na taɓa sauka a wani ƙaramin otal da hotonsa a intanet ya nuna taga mai kallon gari, da na je tagar bangon makwabta take kallo, na'urar ɗumama ɗaki kuma sai da aka kira mai gyara. Ƙarshen makon da ake wasan rugby na ƙasashe shida a Fabrairu da Maris, farashi kan yi tashin gwauron zabo. Unguwar Temple Bar, wadda kowane hoto ke nunawa, mashaya ce jere da mashaya, a wuce a gani da rana amma kada a kama ɗaki a can sai in ba a son barci. Babu jirgin ƙasa daga filin jirgin sama zuwa cikin gari, sai bas ko tasi. Bas ɗin cikin gari kuma ba ya karɓar kuɗin takarda, ba ya ba da canji, don haka a sayi katin Leap tun a filin jirgi, shi ne ke aiki a bas da DART da jirgin kan titi da ake kira Luas.

Cork

Awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa daga tashar Heuston ta Dublin. Mutum wajen 224,000 ne, birni na biyu a Jamhuriyar, ko da yake mutanensa ba sa yarda da wannan lissafi. Su a wurinsu Cork ce babban birni na gaskiya, kuma tsokanar da ke tsakaninsu da 'yan Dublin takan tuna mini wasan Kanawa da Zagezagi. Maganarsu tana hawa tana sauka kamar waƙa, da sauri kuma, kwanan farko sai ka riƙa cewa a maimaita.

Tsakiyar garin tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee, shi ya sa baƙo kan tsallaka gada ya sake ganin kogi a gabansa ya ɗauka ɓata ya yi. Shi ya sa kuma ambaliya ke damun su, kamar wadda ta ci tsakiyar garin a Nuwamban 2009. Arewacin kogin tudu ne mai tsayi. Mai ciwon gwiwa ko mai tura keken jariri ya duba taswira da kyau kafin ya kama masauki a can.

Abin da Cork ta fi kowa shi ne ciki. Kasuwar da ake kira English Market tana ci tun 1788, a rufe take ruf, ruwa ba ya taɓa ka. Ka shiga da safe, ƙarnin kifi ya tare ka daga ƙofa, ga mai kifi sanye da farin gaban riga yana feɗe wani ƙato a kan ƙanƙara yana zolayar wata tsohuwa, gaba kaɗan ƙamshin burodi mai zafi, ga cuku iri-iri, ga zaitun a manyan robobi. Sarauniya Elizabeth ta shiga kasuwar a ziyararta ta 2011. Ba wurin 'yan yawon buɗe ido ba ne kawai, cefanen gida mutanen gari ke yi, kuma ranar Lahadi a rufe take. Sai dai a yi tambaya kafin a ɗanɗana. Abin da suke kira drisheen da jini ake yin sa, crubeens kuma ƙafar alade ce. Haka ma karin kumallon otal a duk faɗin ƙasar, rabin farantin alade ne, har da wani baƙin tsiran jini. Ka ce a ba ka ƙwai da wake da tumatir da burodi, ko kifi. Kifi shi ne rufin asirin Musulmi a Cork da Galway, amma ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar da aka soya shi, domin wasu haka suke yi.

A kan tudun Shandon akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na man shanu, abin da na yi dariya da na fara ji, na daina da na shiga. A ƙarni na 19 kasuwar man shanun Cork ita ce mafi girma a duniya, ana auna shi a tantance darajarsa a zuba a ganga a kai har Brazil da Ostireliya. Daf da shi hasumiyar cocin St Anne ce ta 1722, inda ake barin baƙo ya hau ya kaɗa ƙararrawa da kansa. Agogonta fuska huɗu gare shi, kuma mutanen gari suna kiran sa maƙaryaci mai fuska huɗu domin an san su da saɓa wa juna. Babban gidan zane na Crawford yana rufe tun 2024 ana faɗaɗa shi, wanda ya rage wa Cork maɓuyar ruwa guda mai muhimmanci.

Minti 25 a jirgin ƙasa za ka isa Cobh, ana furta shi kamar "Kov". Nan ne jirgin ruwan Titanic ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe a ranar 11 ga Afrilun 1912, mutum 123 suka hau. Amma labarin da ya fi wannan nauyi shi ne na hijira. Dankalin nan da ake kira "airish" a kasuwanninmu shi ne abincin talakan ƙasar, da cuta ta kama shi daga 1845 mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da annoba, wasu miliyan suka gudu. Daga 1848 zuwa 1950 mutum wajen miliyan biyu da rabi ta wannan ƙaramar tashar suka bar ƙasarsu. Duk wanda ya bar gida don neman abinci, idan ya tsaya a bakin wannan ruwa da yammacin sanyi, ba ya buƙatar mai yi masa bayani.

Masaukin Cork ya fi na Dublin sauƙi, garin ya fi natsuwa, kwana biyu sun ishe shi, na uku a ba Cobh ko gidan sarautar Blarney da ke kilomita takwas daga gari. Masallatai da shagunan halal akwai, sai dai a nemi adireshi tun kafin a taso, ba a cin karo da su a hanya kamar a Dublin.

Galway

Ita ce kowa ke yabo, kuma ba ƙarya suke yi ba, amma yawancin masu yabon a Yuli suka je. Gari ne na mutum wajen 85,000, daga dandalin Eyre ka bi titin Shop da na Quay ka ɓulla tsohuwar ƙofar ganuwa ta Spanish Arch ta 1584 cikin minti goma. Titunan ƙanana ne, shagunan masu launi, makaɗa a bakin hanya ko ana yayyafi, kogin Corrib kuma yana gudu ta tsakiyar gari kamar an kore shi. Daga Nuwamba zuwa lokacin Kirsimeti ana kafa kasuwar rumfunan katako a dandalin Eyre, da fitilu da lilo, kuma a wannan ɗan tsakani babu garin da ya kai ta armashi.

Matsalar ita ce kana gama wannan zagaye ka shiga gidan tarihin garin, wanda kyauta ne amma ƙarami, ka gama Galway ta ƙarƙashin rufi. Sauran abin da ya sa ake zuwa duk a waje yake: duwatsun bakin teku na Moher masu tsayin mita 214, tafiyar awa ɗaya da rabi, da tsaunukan Connemara, da tsibiran Aran inda har yau ake magana da harshen Ailan na asali. A sanyi duk caca ce. Hazo na iya rufe Moher ka biya kuɗin mota ka je ka kalli farin bango, jirgin ruwan Aran kuma teku ce ke yanke masa hukunci.

A bakin tekun Salthill na yi asarar laima. Akwai doguwar hanyar tafiya a ƙafa, wajen kilomita biyu, wadda al'adar garin ita ce idan ka kai ƙarshenta ka shuri bango kafin ka juyo. Ban kai rabi ba iska ta juye laimar ta karya ƙarafunanta uku, na tsaya riƙe da sanda. Ina cikin wannan hali sai ga wasu dattawa, maza da mata, suna fitowa daga cikin tekun da kayan wanka, jikinsu ja wur, suna hira kamar daga kasuwa suke. Tun ranar na gane dalilin da ya sa ba ka ganin laima a hannun ɗan gari. Rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya shan ruwa su ne kayan aiki.

Sai maganar dare. Daren Galway a mashaya yake, a can ake kiɗan gargajiya da goge da sarewa, a can ake hira gefen wuta. Ba dole ne mai shiga ya sha giya ba, ana sayar da shayi da abinci, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zama a wurin ba, daga ƙarfe biyar ba shi da wurin zuwa sai ɗakinsa. Masu yara kuma doka ta ce a fitar da su kafin ƙarfe tara na dare. Dublin tana da silima da gidajen wasa da manyan kantuna da gidajen abincin Turkawa da Pakistan da ke kaiwa dare, Galway kaɗan take da su.

Belfast, wadda ba a tambaye ni ba

Na sako ta ne saboda maganar biza. Ga mai bizar Birtaniya ko mazaunin Ingila, ita kaɗai ce ba ta buƙatar sabuwar takarda. Ba kuma cikon benci ba ce. Gidan tarihin Titanic, wanda aka buɗe a 2012 a daidai inda aka ƙera jirgin, yana cin rabin yini a cikin ɗumi. Gidan tarihin Ulster kyauta ne, kasuwar St George mai rufi tana ci Juma'a zuwa Lahadi, ana kuma kasuwar Kirsimeti a harabar zauren birni. Direbobin baƙar tasi suna zagayawa da baƙi unguwannin Falls da Shankill su nuna katangun da suka raba Katolika da Furotesta, waɗanda da yawansu suna tsaye har yau duk da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Kana cikin mota, ruwa ba ruwanka.

Wane mako, wane gari

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa 23 ga Disamba ne garuruwan suka fi ado, kuma suka fi tsada a ƙarshen mako. Ranakun 24 zuwa 26 a kauce musu. Ranar 25 babu bas babu jirgin ƙasa, shaguna da gidajen tarihi a kulle, baƙon da ba shi da gidan zuwa sai ya kwana da biskit. Daga mako na biyu na Janairu farashi kan sauko, layi ya ɓace, amma fitilun ado ma an kwashe, wasu ƙananan wurare a yamma sun tafi hutu. Ni Fabrairu na fi so, domin a tsakiyarsa rana tana kaiwa biyar da rabi kafin ta faɗi.

Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar, karon farko, kwana uku ko huɗu, ya zauna a Dublin, kada ya raba kwanakin. Idan ya ga rana mai kyau a hasashen yanayi yana iya zuwa Galway da jirgin safe ya dawo da na dare, awa biyu da rabi kowace tafiya, ya ga abin da ake yabo ba tare da ya ɗaure kansa da ita ba. Ma'aurata masu son natsuwa da abinci mai kyau, musamman masu tasowa daga Ingila da za su sauka a Cork kai tsaye, Cork ta fi musu, kuɗinsu ma zai fi auki. Masu ƙananan yara, Dublin, saboda wuraren fakewa kyauta. Galway kuwa ina ba da ita ne ga wanda ya riga ya san ƙasar, zai je kafin Kirsimeti, kuma ruwa ba ya ɓata masa rai. A Janairu ba zan tura kowa can kwana uku ba.

Ƙanwata ta saurari duk wannan, sannan ta ce, "To Yaya, ai mu saura mako uku." Fasfonsu na Najeriya ne, bizar Ailan ba za ta fito ba. Belfast suka tafi a Disamban, ta turo mini hoton maigidan nata a gaban gidan Titanic hularsa tana shirin tashi. Takardar Dublin kuma sun cike ta don Fabrairu, ta ce in turo mata sunan titin da masallacin yake, in kuma tuna mata kada su sa Chester Beatty ranar Litinin.